KAFSO JA DA YALO: MAGANIN DA KE RINE HAƘORAN YARA TUN KAFIN SU FITO

Wata safiya wata dattijuwa ta shigo sashenmu na haƙori tare da 'yarta budurwa. Daga wani ƙauye na bakin tafki suka taso a ƙaramar hukumar Ngaski, suka kwana a Yelwa, sannan suka kamo hanya. Tun da yarinyar ta zauna, gefen mayafinta na kan bakinta. Uwar ce ta yi bayani.

"Likita, an sa mata rana, saura wata biyu. Ga haƙoranta nan kamar ta ci toka. Babu abin da ba mu goga ba, gawayi, gishiri, har lemon tsami. Ƙawayenta na cewa ƙazanta ce."

Da muka duba, haƙoran tsaf suke, babu kogo, dasashi lafiya lau. Sai dai launinsu ruwan toka ne, kuma ga wasu layuka ruwan ƙasa sun gitta su daga gefe zuwa gefe. Muka tambaya: "Inna, lokacin tana ƙarama, wane magani kike ba ta in tana zawo?" Ba ta yi dogon tunani ba ta ce kafson nan ja da yalo. Takan buɗe shi ta zuba garin a cokali, ta dama da ruwa ta ɗura mata, musamman lokacin fitar haƙori. Haka uwarta ta yi, haka maƙwabta suke yi.

Irin wannan labari ba baƙo ba ne a wurin ma'aikatan haƙori. Shi ya sa muka ga ya dace a wannan fitowar mu yi wa jama'a bayanin yadda abin yake faruwa, da hanyar kauce masa, da kuma abin da asibiti zai iya yi wa wanda ya riga ya samu.

WANE MAGANI NE WANNAN?

Sunansa tetarasaikilin. A jikin kwali ko leda za a ga an rubuta Tetracycline ko Oxytetracycline. Yana cikin magungunan kashe ƙwayoyin cuta na bakteriya. Wani masanin tsirrai a Amurka mai suna Benjamin Duggar ne ya gano na farko a wannan dangi a 1945, daga wata ƙwayar halitta da ke rayuwa cikin ƙasa, aka fara sayar da shi a 1948 da sunan Aureomycin. Terramycin ya biyo baya a 1950. Maganin ya ceci rayuka masu yawa, kuma har gobe yana da amfani in likita ya rubuta shi ga wanda ya dace.

A shekarun farko an yi ta ba yara shi babu fargaba. A 1956 likitoci a Amurka suka ba da rahoton cewa yaran da suka daɗe suna shan sa haƙoransu na fitowa da wani launi daban. A 1963 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta yi gargaɗi a kai. Tun daga nan ƙa'idar ta zauna a duniya: ba a ba mai juna biyu tetarasaikilin, ba a kuma ba yaron da bai kai shekara 8 ba. A ƙasashen da magani ba ya fita sai da takardar likita, an daina ganin wannan tabo a bakin yara. A wurinmu kuwa, inda ake sayen kafso ɗaiɗai a kasuwa, abin bai ƙare ba.

YADDA YAKE SHIGA HAƘORI

Haƙori yana da farin ɓawo mai tauri a waje, ƙarƙashinsa akwai ƙashin haƙori, a can tsakiya kuma akwai jijiya. Ana gina shi ne a ɓoye cikin muƙamuƙi, da sinadarin kalsiyam, shekaru kafin ya ɓullo. Haƙoran nono guda 20 suna fara ƙanƙara tun cikin yana wajen wata 4. Haƙoran girma na gaba suna fara ƙanƙara jariri na da wata 3 zuwa 4 da haihuwa, su kammala wajen shekara 5. Na gefe da turame suna ci gaba har shekara 7 zuwa 8.

Shi tetarasaikilin yana da son kalsiyam. Da ya shiga jini sai ya je inda ake wannan gini ya manne, a ɗora sabon gini a kansa. Kamar magini ne ya zuba shuni a cikin kwaɓin ƙasa: bango in ya bushe, wanki ba zai fitar da launin ba. Duk zagayen shan magani yana barin layinsa, shi ya sa likita kan iya kallon haƙori ya ƙiyasta shekarun da yaro yake da su lokacin da aka ba shi.

Haƙorin yakan fito da launin rawaya. Sannu a hankali hasken rana yana mai da shi ruwan ƙasa ko ruwan toka, kuma haƙoran gaba su ne kan riga yin duhu don sun fi samun haske. Yawan maganin da aka sha da yawan maimaita shi su ke sa tabon ya yi tsanani. Wani abin lura shi ne tazarar lokaci. An ba yaro kafso yana shekara 1, tabon bai bayyana ba sai yana shekara 6 ko 7 da ya yi famfara. Zuwa lokacin babu mai tuna kafson, sai a ɗora wa ruwa, ko gado, ko a ce yaron ba ya wanke baki.

Maganin yana ratsa mabiyiya ya kai ga ɗan tayi. In mai ciki ta sha, haƙoran nonon jaririn ne suka fi kamuwa, kuma waɗannan za su faɗi. In yaron ne da kansa ya sha bayan haihuwa, haƙoran da zai rayu da su har tsufa ne ke rinewa.

ME YA SA ABIN YA SHAFI MUTANEN BAKIN TAFKI?

Da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya mamaye tsibirai da garuruwa da dama, aka sake wa mutane kimanin 44,000 matsuguni, cikinsu har da Gungawa da Kambari da sauran al'ummun ƙasar Yauri. Tafkin da ya samu tsawonsa ya haura kilomita 130. A gefensa akwai tungaye masu yawa na masunta da manoma a Yauri da Ngaski da Shanga, wasunsu ba a isa gare su sai da jirgin ruwa, musamman da damina. Wanda ke irin wannan wuri, in yaronsa ya kwana yana zawo, mai tallan magani a ranar kasuwa ko ɗan kemis na kusa shi ne likitansa. Ga shi kafson yana da araha. Shi ne kuma dai wanda ake jiƙa wa kaji in suna fama da mura, don haka da wuya a rasa shi a gida.

Sai kuma shan ruwan gulbi da na tafki ba tare da tafasawa ba, wanda ke sa zawo ya yawaita ga yara. A kan wannan aka ɗora tsohon zancen nan cewa fitar haƙori ke kawo zawo da zazzaɓi. Gaskiyar ita ce wajen wata 6, lokacin da haƙorin farko ke fitowa, shi ne lokacin da yaro ke fara rarrafe yana kai komai baki, ana fara ba shi kunu da ruwa, kariyar da ya samo daga jikin uwarsa kuma tana raguwa. Ƙwayoyin cuta ne ke sa shi zawo. Fitar haƙori ba ta wuce dalala da ƙaiƙayin dasashi da ɗan rigima. In aka ce "haƙori ne" aka zauna a gida, ana iya sakaci da maleriya ko wata cuta mai kisa. Ba mu manta da abin da ya faru a 2008 ba, lokacin da maganin fitar haƙori mai suna My Pikin, wanda ya gurɓata da guba, ya hallaka yara aƙalla 84 a Nijeriya.

Mafi yawan zawon ƙananan yara ƙwayar bairos ce ke kawo shi, ita kuwa kafso ba ya taɓa ta. Abin da ke kashe yaro mai zawo shi ne ƙarewar ruwan jiki. A 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar a yi amfani da ruwan gishiri da sukari na leda, wato ORS, tare da ƙwayar zink: miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, ko miligiram 10 ga jaririn da bai kai wata 6 ba. A ci gaba da ba da nono da abinci. A 2022 Nijeriya ta sa rigakafin zawon rota cikin jerin rigakafin yara, ana ɗiga shi a baki kyauta. In an ga jini a bayan gida, ko ido ya faɗa, ko yaro ya kasa shan nono, ko jikinsa ya saki, a garzaya asibiti.

KADA TSORO YA WUCE GONA DA IRI

Ba kowane maganin wannan dangi ne ke da illa iri ɗaya ba. Doksisaikilin, wanda ya fito a 1967, bai cika manne wa kalsiyam ba. Binciken da aka yi daga baya ya nuna shan sa na 'yan kwanaki ba ya rine haƙora, har ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta amince a 2018 cewa ana iya ba yaro kowace shekara yake, muddin bai wuce kwana 21 ba. Shi ne maganin da ake ba masu kwalara mai tsanani sau ɗaya tak. Cutar kwalara ba abin wasa ba ce: a 2021 an samu mutane fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Jihar Kebbi na cikin jihohin da abin ya shafa. In ma'aikacin lafiya ya ba yaronki wannan magani a irin wannan hali, ki karɓa.

Haka nan man tetarasaikilin da ake matsawa a idon jarirai, ko don amosanin ido, ba ya rine haƙora, domin abin da ke shiga jini daga ido bai taka kara ya karya ba. Magungunan da ake rabawa gida gida don tsargiya da makantar bakin gulbi su ma ba 'yan wannan dangi ba ne.

Babba kuwa, wanda haƙoransa suka gama ƙanƙara, tetarasaikilin ba ya rine masa su. Wanda ya fita daban shi ne minosaikilin, da ake sha wata da watanni don ƙurajen fuska. Shi yana iya sa haƙoran wasu manya su yi duhu.

BA KOWANE TABO NE NA KAFSO BA

Akwai tabon waje, wanda ke zaune a saman haƙori. Goro, taba, shayi, da furen taba da iyayenmu mata kan goga don ado, duk suna cikin wannan. Maganin ƙarin jini na ruwa da ake ba yara da masu ciki yakan bar baƙi a haƙori. Wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta na ruwa, irin su amoksisilin, sukan bar rawaya a sama. Waɗannan duk suna fita da buroshi ko wankin asibiti, kuma ba dalili ba ne na daina magani.

Akwai tabon fulorayid. Wannan sinadari kaɗan daga cikinsa yana kare haƙori daga ruɓewa, amma in ya wuce miligiram 1.5 a litar ruwan sha, yaran da suka tashi da wannan ruwa haƙoransu kan yi fari fari kamar alli, ko ɗigo ɗigo ruwan ƙasa. An san wannan a yankin Langtang na Jihar Filato da Kaltungo a Jihar Gombe. Alamarsa ita ce yaran da ke shan rijiya ko famfo ɗaya duk suna da shi.

In haƙori ɗaya ne tak ya yi duhu, galibi buguwa ya taɓa yi jijiyarsa ta mutu. In baƙin yana tare da rami da zafi, ruɓewa ce. Akwai kuma baƙin da ba a kwana da shi: yaro ramamme, musamman bayan ƙyanda, dasashinsa ya yi gyambo, baki na wari, kunci ya kumbura ya fara baƙi. Wannan cutar noma ce, mai cin fuska cikin 'yan kwanaki. A kai shi asibiti mafi kusa a ranar. Akwai asibiti na musamman don wannan cuta a Sakkwato tun 1999.

ABIN DA ASIBITI ZAI IYA YI

Da farko a sani cewa haƙorin da kafso ya rina yawanci lafiyayye ne, yana tauna, ba ya ciwo. Gyaransa na kwalliya ne, mai shi ke da zaɓi. Likitoci kan kasa tabon gida uku: mai sauƙi, wato rawaya ko toka mai haske babu layi; matsakaici, mai ɗan duhu; da mai tsanani, mai duhu da layuka. Kafin a fara komai sai an cike kogo an kuma warkar da dasashi.

Wankin haƙori. Ana kankare dattin da ya daskare da na'ura, a goge. Yana fitar da tabon goro da shayi, kuma sau da yawa wannan kaɗai kan sa haƙora su yi haske. Ba ya rage ƙarfin haƙori kamar yadda wasu ke faɗa. Amma ba ya kaiwa ga launin da ke ciki.

Farantawa da sinadari. Likita zai auni bakinka ya ƙera maka wata 'yar roba daidai da haƙoranka. Kana zuba man kabamaid feroksaid mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, ka kwana da ita. Wasu likitoci biyu a Amurka, Haywood da Heymann, su suka bayyana wannan hanya a 1989. Tabon yau da kullum yakan ɗauki mako 2 zuwa 6. Na tetarasaikilin yana bukatar wata 2 zuwa 6, wani lokaci fiye. Rawaya ta fi toka saurin washewa, kuma gindin haƙori kusa da dasashi shi ne mai taurin kai. Haƙoran za su yi haske, amma da wuya su koma fari fat. Akwai kuma wadda ake yi a kujerar likita da sinadari mai ƙarfi, bayan an rufe dasashi. Illar da aka fi gani ita ce haƙori ya riƙa tsami in an sha ruwan sanyi, kuma yakan wuce in an huta kwana biyu. Ba a yi wa mai ciki. Ga yara ana jira su girma. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta hana yi wa wanda bai kai shekara 18 ba.

Lulluɓin farin ciko. Ana shimfiɗa irin farin cikon da ake cike kogo da shi a fuskar haƙoran gaba, a busar da shi da fitila. A zama ɗaya ko biyu ake gamawa, ba a cika sassaƙe haƙori ba, kuɗinsa kuma da dama. Sai dai yana ɗaukar launin goro da shayi, kuma bayan wasu shekaru yana bukatar gyara.

Lulluɓin tangaran. Ana kankare kamar rabin milimita daga fuskar haƙori, a ƙera wani siririn marfi na tangaran a manna. Yana rufe tabo mai tsanani, yana iya kai shekara 10 zuwa 15 in an kula da shi. Yana da tsada, kuma abin da aka kankare ba ya dawowa, don haka duk ranar da ya fashe sai an sake wani. Mai fasa ƙashi ko rake ko buɗe kwalba da haƙori, ko mai yanke zaren koma da baki, ya yi tunani tukuna.

Hular haƙori. Ita tana rufe haƙorin gaba ɗaya, kuma ita ta fi cin jikinsa. Ana ajiye ta ne don haƙorin da ya riga ya karye ko ya ruɓe sosai.

Ƙa'idarmu ita ce a fara da hanyar da ta fi barin haƙori yadda Allah Ya yi shi. Sau da yawa akan fara da farantawa, in ba ta wadatar ba a ɗora lulluɓi. Ana iya fara tambaya a babban asibiti mafi kusa, su kuma su tura mutum sashen haƙori na manyan asibitoci a Birnin Kebbi ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.

ABUBUWAN DA ZA A GUJE WA

Gawayi, toka, yashi, kanwa da gishiri mai tsakuwa suna cinye farin ɓawo, shi kuwa ba ya sake tsirowa. Lemon tsami yana narkar da shi. Da ɓawon ya yi siriri, ƙashin da ke ƙasa, wanda shi ne mai launin, sai ya ƙara bayyana. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Ruwan farantawa da ake tallarsa a kasuwa ko a waya, wanda ba a san abin da ke ciki ba, yana iya ƙone dasashi. Haƙorin Makka kuma, in wanda ba likita ba ya sa shi bai zauna daidai ba, abinci kan taru a ƙarƙashinsa haƙorin ya ruɓe a ɓoye. Asuwaki mai laushi da buroshi da man goge baki mai fulorayid, safe da dare, sun isa tsafta.

KIRA GA IYAYE DA MASU KEMIS

Uwa, kada ki buɗe kafson manya ki ba yaro. Mai ciki ko mai shayarwa ta faɗa wa ma'aikacin lafiya halin da take ciki kafin a rubuta mata magani. Maigida, ka ajiye ledar ORS da zink a gida kafin damina ta yanke hanya, ka raba maganin kaji da na iyali. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, domin tetarasaikilin da ya lalace yana iya taɓa ƙoda. Masu kemis, magungunan kashe ƙwayoyin cuta na takardar likita ne. Ku tambayi shekarun wanda za a ba, ku tura mai zawo mai tsanani asibiti. Shan su barkatai yana kuma sa ƙwayoyin cuta su kangare, ranar da ake bukatar maganin da gaske ya ƙi aiki. Malaman makaranta su tsawata wa masu tsokanar yaro mai irin wannan haƙori, don ba laifinsa ba ne.

Ita baƙuwarmu ta Ngaski, an wanke mata haƙora, aka ƙera mata roba, muka kuma gaya musu gaskiya cewa wata biyu ba zai isa a gama ba, layukan ma ba lalle su ɓace duka ba. Uwar ta yi shiru, sannan ta ce, "Ashe ni na yi mata." Muka ce, "Inna, kin yi ne don ki ceci ranta da abin da kika sani a lokacin. Yanzu ga jikoki na tafe." Ta ce in Allah Ya yarda babu jikanta da zai ɗanɗana kafson nan, kuma za ta faɗa wa matan tungarsu.

Mai tambaya game da haƙoransa ko na 'ya'yansa yana iya zuwa sashen haƙori a ranakun aiki. In akwai kwalin maganin da yaro ke sha, a zo da shi. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.